Zobba a Cikin Jinina

Damina ce, ina aji ɗaya a JSS, wajen ƙarshen shekarun casa'in. Zazzaɓi ya kama ni kwana huɗu. Ya sake ni da safe, ya dawo da la'asar kamar wanda ya manta takalminsa. Mma ta dafa ganyen darbejiya, ta lulluɓe ni da zani a kan tukunyar, na yi gumi har na ga taurari. Bai tafi ba.

Gidanmu a unguwar Maamobi, cikin Accra, gidan haya ne, ɗaki goma sha ɗaya, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya a bakin lungu. In ka yi tari a ɗakinka, maƙwabci ne zai fara ce maka sannu. Mu uku ne a namu, Mma da ni da Yaya. Baba direban babbar mota ne, yana lodi a kasuwar Tudu ya yi arewa, sai mu yi sati biyu ba mu gan shi ba.

Yaya yana aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje can wajen jami'a, tirotiro biyu, ƙananan bas ɗin haya, yake shiga kafin ya kai. Ba likita ba ne, amma duk lungun Dokta suke ce masa. Kwalabe yake wankewa, ya haɗa ruwan magani, ya duba jini. Siriri ne, mai tabarau, ba ya zama a bes, dandalin hirar samari. A ƙarƙashin gadonsa akwai wani akwatin katako da kwaɗo. Ba wanda ya taɓa ganin cikinsa sai mu, mu ɗin ma ba sosai ba.

Ranar Asabar da hantsi ya tsuguna gaban tabarmata ya ce, "Kawo yatsa."

"Me za ka yi?"

"Ci zan yi. Kawo."

Ya tsira min allura, ya ɗiga jinin a kan wata 'yar takarda siririya, sabon abin gwajin maleriya da suke jarrabawa a wurin aikinsu. Ya shafa wani ɗigon a kan ɗan gilashi. Muka zauna muna kallon takardar. Can sai ga jan layi ya fito, sai ga na biyu.

"Maleriya ce," in ji shi. "Kin san mene ne jan nan?"

"Jinina."

"Zinariya ce."

Na ce ƙarya yake, zinariya rawaya ce, ga ɗan kunnen Mma nan. Sai ya buɗe akwatin ya ciro wata 'yar kwalba, ragowar da za a zubar ce ya roƙa aka ba shi. Ruwan ciki ja wur, kamar sobolo, zoɓon da bai sha ruwa ba. Ya ce su suke dafa shi a wurin aikinsu. A narkar da zinariya, a tafasa, a zuba wani gishiri mai tsamin lemo, sai ruwan ya washe, ya yi baƙi, ya koma ja. Ya ce ƙwayoyin zinariyar ƙanana ne har madubin likita ba ya ganin guda ɗaya. Kowace ƙwaya an rataya mata wani abu da ba ya kama komai sai dattin ƙwayar maleriya. In sun kama, sai su taru wuri ɗaya su yi layi, a nan ido ke ganinsu. Ya ce a wurin aiki har kan ƙwayoyin jiki suke zuba ta, su ƙara ruwan azurfa, sai ta fito baƙi-baƙi a madubi ta nuna musu inda abu ya ɓuya.

Rabin maganar ta wuce ni, kaina na sara. Shi kuwa in ya fara ba ya tsayawa.

Ya rina gilashin da wani shuɗin ruwa, ya jira ya bushe, sannan ya fito da babban abin da ke cikin akwatin. Madubin likita ne, tsoho, baƙi, wanda aka yar a wurin aikinsu ya gyara. Ba ya aiki da wuta, wani ɗan madubi ne a ƙasa ake juyawa ya kamo rana. Ya kai shi bakin taga, ya kafa ido ɗaya.

"Ga su nan," ya ce. "Abin kamar zobe, da ɗan dutse a kai. Suna da yawa a jininki, yarinya."

Na leƙa. Ban ga komai ba sai haske da gashin idona. Na koma na kwanta.

Kafin ya rufe akwatin, Anti mai waace ta shigo. Ɗakinta ne kusa da namu, ita ke sayar da shinkafa da wake a bakin titi. Ɗanta ɗan shekara uku na goye a bayanta, jikinsa zafi rau. Ta ce Dokta ya duba mata shi ma. Yaya ya tsira masa allura, yaron ya tsala ihu, layi biyu suka fito. Ya yi masa gilashinsa shi ma, ya duba, ya ce, "Anti, yau ɗin nan ki kai shi asibiti. Ba gobe ba."

"In na gama sayarwa," ta ce.

Ni dai aka kai ni asibiti da yamma, aka ba ni magani mai ɗaci. Ita ba ta je ba. Ta saya masa ruwan magani a kemis, zafin ya sauka, ta ce ai ya warke.

Ranar Litinin na samu ƙarfin ɗaukar bokiti. A layin famfo 'yan mata suka tambaye ni ina na shiga. Ni kuma bakina ba ya riƙe abu, ga shi ina so a san yayana ba ƙaramin mutum ba ne. Na ce, "Yaya ne ya ɗebi jinina ya haɗa da zinariya. Ya ce akwai zobba da yawa a ciki."

Haka na faɗa. Kalma ɗaya na yar, ban ma san na yar da ita ba.

Wata babba a cikinmu ta sauke bokitinta ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Jini da zinariya? Ke, wannan ai sika duro ne."

Duk yaron da ya tashi a Accra ya san kalmar nan. Maganin kuɗi. Mutum ya ba da jinin ɗan'uwansa, shi ya yi arziki, ɗan'uwan ya yi ta ramewa har ya mutu. Kuma kullum a labarin akwai akwati mai kwaɗo da ba a yarda kowa ya buɗe.

Na ce ba haka ba ne, na ɗauki ruwana na tafi. Amma kafin in kai ƙofar gida maganar ta riga ta shige ni. Akwatin. Kwaɗon. Sabuwar rediyon da ya saya watan jiya. Na dubi hannuna, duk na rame. Na shiga banɗaki na dinga matsa jijiyar hannuna ina laluben abu mai tauri. Har na ji kamar na taɓa ɗaya a gwiwar hannu.

Kwana biyu ina tsoron yayana. Ya kawo min burodi mai suga na ce na ƙoshi, na ba akuya. In ya shigo sai in fita. Ya ce in zo ya ga idona, na ɓuya bayan Mma. Ya yi dariya ya ce allura ɗaya ta mai da ni matsoraciya. Ban gaya wa Mma ba. Me zan ce mata? Ɗanki ya sayar da ni?

Ban san maganar ta bar famfo ba. Ta shiga wurin mai koko, ta shiga bes, ta je har unguwar Nima ta dawo da ƙari. A can zobban sun zama bakwai, kuma wai yana ciro su da tsinke.

Ranar Laraba bayan la'asar ɗan Anti ya shiɗe. Ina wanke kwanuka na ji ihunta. Yaron ya sandare, idonsa ya juye, kumfa a baki. Mma ce ta fizge shi, ita da uban yaron suka ruga titi neman tasi. Anti ta zube a tsakar gida, mata suka riƙe ta, tana birgima tana cewa an sha jinin ɗanta.

Daidai nan Yaya ya shigo daga aiki, jakarsa a kafaɗa.

Anti ta miƙe. "Ga shi nan! Shi ne ya ɗauki jinin yarona!"

Ban san daga ina mutane suka fito ba. Kafin ka ce me, tsakar gidan ya cika, wasu a kan katanga. Samarin bes ne a gaba, da wani ƙato mai ɗaga ƙarfe da kowa ke tsoro. Yaya ya buɗe baki zai yi magana, ƙaton ya kwaɗa masa mari. Tabarau ya yi gefe ya fashe. Wani ya jefo dutse ya same shi a gira, jini ya gangaro.

Na san abin da ke biyo bayan wannan. A shekarun nan ihu ɗaya ya isa. Na taɓa wucewa ta bakin babbar gwata bayan an gama da wani da aka ce ɓarawo ne, ban ga mutumin ba, takalminsa ɗaya na gani da baƙin wurin da aka ƙona shi a ƙasa. Kwano na hannuna, kumfar sabulu na ɗiga. A nan na gane ba tsoron Yaya nake ba. Kashe shi za su yi, kuma da bakina.

"Fito da akwatin," in ji ƙaton.

Yaya ya shiga ya jawo shi, ya buɗe. Mutane suka ja baya suka sake matsowa. Ƙaton ya ɗaga 'yar kwalbar sama, rana ta ratsa ta.

"Cale, abokai, ku duba. Jini!"

"Ba jini ba ne," in ji Yaya. "Ku tsaya in nuna muku. Jini ba ya yin abin da wannan zai yi." Ya waiwayo yana nemana da idon da ba tabarau. "Kawo min gishiri."

Na kawo, rabi ya zube a hanya. Ya zuba jan ruwan a murfin kwalba, ya barbaɗa gishiri. A gaban idon kowa jan ya dushe, ya koma shuɗi mai toka-toka.

Shi a tunaninsa ya gama wanke kansa. A wurin aikinsu haka suke gwada ta, gishiri na sa ƙwayoyin su dunƙule launi ya canza. Amma nan Maamobi ne.

"A'uzu billahi!" in ji wata tsohuwa. "Ya juya jini!"

Wuri ya kaure. Ƙaton ya shaƙo wuyan rigar Yaya. Daga baya can na ji wani ya ce a kawo taya. Na yi ihu, ban ji muryata ba.

Lema ce ta fara shigowa, ana dukan ƙafafun mutane da ita. Bayanta Baba maƙeri. Tsohon da ke da rumfar ƙera zinariya a bakin lungunmu ne, shi ya huda kunnen rabin matan unguwar, shi ya ƙera zoben auren iyayen samarin nan. Daga masallaci yake, kunnensa ba ya ji sosai, saboda haka da ƙarfi yake magana.

"Me ake rabawa ba a kira ni ba?"

Aka yi ta gaya masa baki goma. Ya karɓi kwalbar daga hannun ƙaton kamar yana karɓar abu a hannun jikansa. Ya ɗaga ta, ya girgiza, ya sunsuna. Ya dubi murfin da ya koma shuɗi.

"Kai, ɗan boko. Me ka ce wannan?"

"Zinariya ce, Baba."

"Me?"

"Zinariya!"

Tsohon ya miƙa wa Anti lemarsa ta riƙe. Ya ware yatsunsa a gaban ƙaton. Bakin farcensa da gefen yatsun duk sun rine, wani ja mai duhu da ya tasar wa shuɗi.

"Wannan jinin wa na sha? Tun ubanka bai yi kaciya ba nake wanke zinariya da asid. Duk ranar da ruwan ya taɓa min fata, haka yake bari. Je ka rumfata ka ga tsummana. Zinariya in ta shiga ruwa ba ta san rawaya ba." Ya sake ɗaga kwalbar. "Kuma wadda ke cikin nan ko ɗan kunnen sauro ba za ta ƙera ba. In wannan ne mai maganin kuɗin, ku dubi takalminsa mana."

Wasu suka duba. Takalmin Yaya ya sha ɗinki har ya gaji. Wani ya yi dariya a kan katanga, amma ƙaton bai saki rigar ba.

"To zobban fa?" in ji shi. "Zobban da yake cirowa a jinin yara?"

"Wa ya ce?" in ji Baba maƙeri.

Anti ta nuna ni da lemar. "Ƙanwarshi ne ya faɗa. Da bakinshi, a famfo."

Duk suka juyo. Ban taɓa ganin idanu da yawa haka a kaina ba. Yaya ma ya juyo, jini ya rufe masa ido ɗaya. Bai san ni ce ba sai lokacin. Fitsari ya kusa kufce min.

"Zo nan, jikata," in ji Baba maƙeri. "Me ya ce miki? Faɗi yadda ya faɗa, kar ki ƙara gishiri, an ga abin da gishiri ya yi yau."

Na faɗa ƙasa-ƙasa.

"Ya ce... abin kamar zobe."

"Ɗaga murya, kunnena ya tsufa."

"Kamar zobe! Ya ce kamar!"

"A famfo kuma kika ce me?"

"Na ce zobba."

"Ina kamar ɗin?"

Na fashe da kuka.

Tsohon ya juya ga mutane. "Kun ji. Wanda bai san zinariya da kamar zinariya ba, shi ake sayar wa tagulla a Tudu. Sake shi, kai. Ɗan boko, nuna min zoben nan. In na gaske ne ni zan fara saya."

Aka kifa turmi a tsakiyar gida aka ɗora madubin. Rana ta riga ta yi ƙasa, saura ɗan haske a saman katanga. Gilasan ranar Asabar suna nan a akwatin, nawa da na yaron, kowanne da alamarsa. Yaya ya sa nawa, ya ɗiga masa ɗan mai, ya juya ɗan madubin ƙasa. Ba tabarau, jini na shiga masa ido. Ya murɗa, ya murɗa, ya kasa samu.

"Ba komai ciki," wani ya ce. "Wayo ne."

Ina kallon hasken nan yana hawa katanga. In ya wuce, shi ke nan.

Baba maƙeri ya ture shi. "Matsa. Da ido ɗaya nake cin abinci." Ya durƙusa da ƙyar, ya runtse ido, ya kama maɓallin da yatsun nan rinannu yana juyawa a hankali kamar yana ɗaura dutse a zobe. Ba mai motsi. Ina jin kukan akuyar gidan da rediyon wani can nesa.

Ya daɗe. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya yake.

"Wane maƙerin banza ne ya yi wannan? Duk a karkace!" Ya ɗago. "Zo ka gani, sarkin ƙarfi. Kar ka taɓa, ido kawai."

Ƙaton ya sunkuya. Ya ce bai ga komai ba. Aka ce ya rufe ɗaya idon. Ya sake leƙawa, sannan ya ce, "Ei. Wannan a cikin mutum yake?"

"Sauro ke sa shi," in ji Yaya. "Yana cikin rabin mutanen gidan nan."

Mutane suka yi layi kamar a famfo. Waɗanda suka zo da duwatsu suka rasa inda za su ajiye su. Anti ba ta shiga layin ba. Sai da aka ragu ta matso ta ce, a hankali, "Wanne ne na yarona?"

Yaya ya canza gilashin, Baba maƙeri ya saita mata. Ta duba, ta daɗe ita ma.

"Sun yi yawa," ta ce.

Yaya bai ce na gaya miki ba. Ya tsaya yana danne girarsa da gefen riga.

Ana kiran magariba Mma ta dawo. Yaron yana da rai, an sa masa ruwa, likita ya ce maleriya ce ta hau masa kai. Ta ga fuskar Yaya, ta ga fasasshen tabarau a kan turmi. Mata suka ba ta labari. Ba ta dake ni ba. Ta dube ni kawai ta ce, "Baki shi ke yanka wuya," ta shiga ta ɗora ruwan zafi.

Ba wanda ya zo ya ba Yaya haƙuri, sai Anti da ta aiko da waace da ƙwai biyu ranar da aka sallamo yaron. Ƙaton ya ci gaba da ce masa Dokta kamar ba abin da ya faru. Girar ta warke ta bar tabo, gashi bai sake fitowa a wurin ba. Bayan 'yan watanni ya kama ɗaki kusa da wurin aikinsa, ya ce tirotiro biyu ta ishe shi. Mun san ba tirotiro ba ce.

Akwatin kuwa tun washegarin ranar rikicin ya bar gidan. Da safen na samu Yaya a bakin taga yana goge madubin zai mayar. Na tsaya a ƙofa, ban san ta inda zan fara ba. Tun jiya bai yi min magana ba.

Bai ɗago ba ya ce, "Duk unguwa sun ga jininki, ke ba ki gani ba. Zo."

Ya ɗaure tsohon tabaransa da zare, da shi ya saita min. Na rufe ido ɗaya. Haske, gashin ido, sannan abin ya washe. Wasu faya-faye masu ruwan hoda birjik, kamar an baza ƙananan faranti. A cikin wasunsu ga su nan, siraran da'ira shuɗaye, kowace da ɗan jan ɗigo a gefe. Ƙanana ƙwarai. Na ƙirga biyar na daina.

"Kin gani?"

"Na gani."

"Mene ne?"

"Kamar zobe," na ce.

"Kamar," ya ce. Ya zare gilashin, ya mayar da madubin cikin akwati, ya danna kwaɗon.